Neman kalma: me za mu kira filasibo a shirin ciwon mantuwa?

Mai Fassara: Salamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za a ɗauki shirin rediyo kan yadda ake shiga binciken magungunan cutar Alzheimer, wato wani nau'in ciwon mantuwa, kuma kalmar filasibo, wato abin da ake ba wasu masu shiga bincike mai kama da magani amma ba sinadarin a ciki, ta tsaya mini a wuya. Wanda ya fara aikin ya sa "maganin bogi". Ban natsu da ita ba.

Likitan Ƙwaƙwalwa: Wa alaikumus salam. Cire "bogi" tun yanzu. Mai sauraro zai ji jabun maganin da NAFDAC ke ƙonawa, wato yaudara. Filasibo kuwa ana faɗa wa mutum tun a takardar amincewa cewa zai iya faɗawa rukuninsa. Misali gwajin lecanemab, maganin Alzheimer da Amurka ta amince da shi a 2023: mutum 1,795, ƙarin ruwa duk sati biyu har wata 18. Kusan rabi sun sami maganin, saura ruwa mai kama da shi wanda ba sinadarin a ciki. Kwamfuta ke raba mutane, kuma majinyaci da likitan da ke auna shi duk ba su san rukunin ba. Dalili, makin gwajin tunani yana hawa da sauka da barci, zazzaɓi, ko sabo da tambayoyin, iyali kuma suna ganin sauƙi don suna fatansa. Ina ba da shawarar "maganin kwatance".

Malamar Jinya: Dakta, kwatance ya yi faɗi. Wani binciken da magani na gaske ake kwatantawa. Sai "kwaikwayon magani".

Baba Malami: Ku dakata. Hausa na da kalma tata: holoƙo. Hadari ya taso, iska ya taso, ba ɗigon ruwa. "Holoƙon magani". Mi anka rasa a nan? Kun tsaya kuna ɗinke-ɗinken kalmomi biyu-biyu kamar ba a garin Shehu kuke ba.

Malamar Jinya: Baba, ranka ya daɗe, holoƙo na nuna abin da aka sa wa rai ya ci amana. Wa zai kawo mahaifiyarsa asibiti duk sati biyu in an ce holoƙo za a ɗaura mata? Alhali 'yan rukunin nan ana yi musu hoton ƙwaƙwalwa na MRI, ana auna su daidai da kowa, kuma galibi ba a hana su maganin da suke sha tun da, irin su donepezil.

Baba Malami: To gaskiya ce kuke tsoro? Ba magani ciki, ku ce ba magani ciki. Abin da ka damuna shi ne duk kalmar da ba ta hito daga Kano ko gidajen rediyon waje ba sai a ce ba ta daidaita ba. Nana Asma'u da wace Hausa ta yi waƙoƙinta?

Ɗan Jarida: Baba, holoƙo ai har Kano ana faɗa, ba maganar Sakkwatanci ba ce. Ni dai a bar ta filasibo. Mun ari allura daga Larabci, asibiti daga Turanci, ba wanda ya ce harshen ya ƙasƙanta.

Baba Malami: Aro na da lokacinai. Tsohuwa a Wamakko ba ta san filasibo ba.

Likitan Ƙwaƙwalwa: Nan Baba ya yi gaskiya, kuma nan haɗarin yake. Babban abin da ke lalacewa shi ne iyali su ɗauka an zo yi wa tsohonsu magani, ba bincike ba. Tun gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara a Kano a 1996 mutanenmu ke ɗari-ɗari da kalmar gwaji, don haka kada a rufe komai. Malam, ko wace kalma ka ɗauka, shirin ya faɗi cewa shiga ganin dama ce kuma ana fita ba tare da an rasa kulawar asibiti ba. In mantuwa ta yi nisa, wakili ne ke sa hannu, amma ana neman yardar majinyacin gwargwadon fahimtarsa, in ya ƙi a ƙyale shi. Ana kuma buƙatar ɗan rakiya da ke zaune da shi, don shi ake tambaya ko yana ɓata a hanyar masallaci ko yana mance lissafin kuɗi. A faɗi illa ma: irin lecanemab na iya kawo kumburi ko ɗan zubar jini a ƙwaƙwalwa, kuma rage saurin cutar yake yi, ba ya warkarwa.

Mai Fassara: Na gode. Zan sa "kwaikwayon magani, wanda ba sinadarin a ciki" a ambaton farko, daga nan "na kwaikwayo". A takardar shirin zan rubuta filasibo sau ɗaya don ma'aikatan lafiya.

Ɗan Jarida: Kwaikwayo zai kai hankalin wasu ga wasan kwaikwayo, amma ba ni da wadda ta fi ta.

Baba Malami: Ku tai da ita tunda lokaci ya ƙure. Ni ban janye holoƙo ba. Kuma "ciwon mantuwa" ɗin ma da sauran magana, gigin tsufa muka sani.

Malamar Jinya: Baba, wannan kam a'a. Gigin tsufa ke sa iyali su ce ai shekaru ne, su ƙi kai shi asibiti, ga shi cutar na kama wasu tun kafin shekara 65. A buɗe mata zare daban.