Shin kiril ne tushen abincin tekun Antatika?

Mai buɗe zance: Raina yana ɓaci da yadda ba wanda ke maganar kiril, ɗan jatan landen nan na tekun Antatika wanda tsawonsa bai wuce santimita 6 ba. Hukumar CCAMLR mai kula da kiyaye halittun tekun Antatika, wadda ta fara aiki a 1982, ta yarda jiragen ruwa su kwashi har tan 620,000 a shekara a ɓangaren da ke kudu da Atlantika, ana yin abincin kifin kiwo da man ƙarin lafiya da shi, alhali shi ne tushen abincin halittun da ke can.

Malamar ilmin halittu: Malam, kalmar tushe ba ta dace ba. Tushe su ne ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani, masu haɗa abincinsu da hasken rana, kuma su ne kiril yake tacewa da ƙafafunsa ya ci. Da hunturu ma 'ya'yansa lafewa suke yi a ƙarƙashin ƙanƙara suna kankarar gansakukar da ta manne mata. Masana kan gane matsayin halitta ta hanyar auna naitirojin mai nauyi a tsokarta, domin yana ƙaruwa daga abin da aka ci zuwa wanda ya ci shi, kuma kiril ba ya faɗowa a matakin farko.

Abokin mai buɗe zance: Malama, a Hausa tushe shi ne abin da in an tumɓuke shi itace zai faɗi. A cire kiril a gani ko tsuntsun fengwin da kifin wel za su kai labari.

Tsohon ɗalibin malamar: Wannan ginshiƙi ne kake siffantawa, Yaya. Kuma wel ba kifi ba ne, domin da huhu yake numfashi, yana kuma shayar da ɗansa nono. Malama ta shekara da shekaru tana koyar da wannan fanni, ya kamata a saurare ta.

Abokin mai buɗe zance: Kowa kifin wel yake cewa, kuma ba zan sauya harshena don wani yana kare malamarsa ba.

Wani dattijo: 'Ya'yana, ni ban ga tushe a nan ba sam. Tekun Kudu, wato tekun Antatika, yana da ƙarancin sinadarin ƙarfe, kashin wel kuwa cike yake da shi saboda kiril ɗin da ya ci, sai tsirran su samu taki su yaɗu, kiril ya sake samun abinci. Abin da ke zagayawa haka, ta ina za a nuna farkonsa?

Mai buɗe zance: Baba, tambayata ita ce ko adadin da ake kamawa ya yi yawa. An ƙiyasta yawan kiril a shekarun 2000 da 2019 da na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta auna amsa-kuwwarsa, amma babu wanda ya taɓo wannan a cikinku.

Tsohon ɗalibin malamar: Bari in taƙaita mana. An tabbatar da cewa tsirran ruwa ne tushe, kamar yadda Malama ta faɗa tun farko, maganar Baba ma ita ta ƙarfafa, kuma ba a kawo hujja ko ɗaya da ta mayar da wel kifi ba.