Wanda ya ga Lynyrd Skynyrd bayan 1977, su ya gani kuwa?

Baban Atlanta: Jiya na ji ɗanmu na Dallas yana bugun ƙirji wai ya taɓa ganin Lynyrd Skynyrd, ƙungiyar makaɗan rock ɗin nan ta Kudancin Amurka. Bari in faɗa a gaban kowa: duk wanda bai gan su kafin 20 ga Oktoban 1977 ba, bai gan su ba. Tikiti ya saya ya kalli masu riƙon suna.

Ɗan Dallas: Haba Baba, Allah ya ja kwana! A 2018 na je, lokacin zagayen da suka kira na bankwana. Gary Rossington na tsaye a dandamali da jitarsa, mutumin da aka kafa ƙungiyar da shi a Jacksonville. Bayan an tashi na yi tsayuwar awa guda a bakin ƙofar baya, har ɗaya daga cikin makaɗan ya sa min hannu a jikin faifai. Yanzu duk wannan ba a lissafi?

Baban Atlanta: Ɗana, ajiye sa hannun nan ka saurara. A watan Yulin 1976 ina ɗalibi a Jojiya, wani Bature abokin karatuna ya ja ni gidan wasan Fox. Dare uku suka yi, mu muka samu ɗaya, kuma a dararen nan aka naɗi faifan One More from the Road. Ni ko sunansu ban iya furtawa ba, kunnena da James Brown ya saba tun gida. Sai ga mawaƙinsu Ronnie Van Zant ya fito ƙafa ba takalmi, da baƙar hula, gajere kakkaura. Ba ya rawa, ba ya tsalle. Jita uku ke bayansa, Rossington da Allen Collins da Steve Gaines wanda bai daɗe da shigowa ba, amma kowa ya san wa ke riƙe da linzami. Shi ke tsara baitoci a ka, ba ya rubutawa. Shi ke tsare su a wata bukkar katako a dajin Fulorida suna maimaita kiɗa ɗaya cikin zafi har ya zauna. Ka cire wannan mutum, me ya rage?

Kawun Houston: Don waɗanda ba su san labarin ba. A ranar 20 ga Oktoban 1977 ɗin nan, jirginsu ya tashi daga Greenville zuwa Baton Rouge, mai ya ƙare, ya faɗa daji kusa da Gillsburg a Misisipi. Mutum 6 suka rasu: Ronnie, Steve Gaines, yayarsa Cassie mai amshi, wani ma'aikacin ƙungiyar da matuƙa biyu. Kwana 3 kacal da fitar faifansu Street Survivors, wanda hoton bangonsa ya nuna su cikin harshen wuta, har sai da aka canza shi. Shekara 10 suka yi ba ƙungiya, sai a 1987 suka dawo da Johnny Van Zant a gaba.

Hajiyar Macon: Yaya, ban yarda da kai ba, kuma da faifan ɗakinka zan kama ka. Ni nan Macon nake, maƙabartar Rose Hill, inda aka binne Duane Allman da Berry Oakley na ƙungiyar makaɗa ta Allman Brothers, ba ta da nisa da gidana. Duane Allman ya rasu a hatsarin babur a Oktoban 1971 yana da shekara 24. Berry Oakley ya bi shi a Nuwamban 1972, shi ma babur, 'yan layuka kaɗan daga inda na farkon ya faru. Duane ne ya tara Allman Brothers, ba musu. Amma faifansu da ya hau saman jerin kasuwa, Brothers and Sisters, a 1973 ya fito, bayan an binne su duka biyun. Kana da shi, kuma ban taɓa jin ka ce na masu riƙon suna ba ne.

Baban Atlanta: Hajiya, wannan daban. Muryar Gregg ƙanen Duane tana nan, Dickey Betts na nan, masu ganga biyu, Butch Trucks da Jaimoe, suna nan. Huɗu cikin shida. Kuma ba su tsaya cin tsohon tuwo ba, sababbin waƙoƙi suka yi. Da suka ga lokaci ya yi, a Oktoban 2014 suka yi wasan ƙarshe a gidan Beacon na New York suka rufe ƙofa da hannunsu.

Hajiyar Macon: To ai ka sauya magana. Ɗazu mutum ɗaya ne ƙungiya, yanzu kuma ƙidayar kawuna ake yi. In ƙidaya ce, a 1987 akwai Rossington da Billy Powell mai fiyano da Leon Wilkeson da Artimus Pyle, duk waɗanda suka fito daga tarkacen jirgin, ga tsohon mai jitarsu Ed King ya dawo. Nawa kake so?

Ɗan Dallas: Na gode Hajiya! Kuma Johnny ƙanen Ronnie ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ronnie daga faifan farko a 1973 zuwa rasuwarsa shekara 4 ya yi. Johnny ya haura shekara 35 yana rera waƙoƙin nan. Ko a gida, makaɗi ya rasu ɗansa ko ƙanensa ke ɗaukar 'yan amshi ya ci gaba, ba mai cewa haramun.

Baban Atlanta: Yana ɗauka, amma da sunansa ake kiransa, a ce wane ɗan wane. Ba ya zuwa biki ya ce shi ne marigayin.

Kawun Houston: Ni tsakiya nake, sai dai ina da tambaya ga ɗan Dallas. Collins ya rasu a 1990, Wilkeson 2001, Powell 2009, King 2018, Rossington kuma a Maris ɗin 2023. Babu ko ɗaya daga waɗanda suka yi faifan farko da ya rage, amma har yau ana sayar da tikiti da sunan. Rickey Medlocke ne kawai ke da tsohuwar alaƙa, don ya taɓa buga musu ganga wajen 1971. Wanda ya je bana, su ya gani?

Ɗan Dallas: Gaskiya Kawu, na bana ban da bakin kare su. Amma nawa na 2018 yana nan daram, Rossington na raye.

Baban Atlanta: Kun ji ko? Shi ma yana da iyaka, ya dai matsar da ita ne daidai inda tikitinsa zai tsira.

'Yar Memphis: Baba, ni abin da ke min yawo a rai daban ne. A lokacin, 'yan Lynyrd Skynyrd suna rataya tutar 'yan awaren Kudu a bayan dandamali, tutar masu kare cinikin bayi. Kai baƙar fata, a Jojiya, a 1976, yaya ka yi ka zauna?

Baban Atlanta: 'Yata, ban zauna da daɗi ba, kuma ba zan wanke su ba. Na ƙirga baƙaƙen da ke layinmu, yatsun hannu ɗaya sun isa. Kiɗan ne ya riƙe ni, don tushensa na baƙaƙen Kudu ne, kunne na ji ya gane. Allman Brothers sun fi kwanta min ta nan, tun 1969 Jaimoe baƙar fata yake cikinsu a garin Macon, lokacin da hakan ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiyar Macon: Yaya, kafin ka sulale. Uwargidanka ta taɓa faɗa min kun je kallon Lynyrd Skynyrd a 1987. Ƙarya ta yi?

Baban Atlanta: Ba ta yi ƙarya ba. Mun je. Da aka zo waƙarsu Free Bird, Johnny ya ɗora hula a kan sandar makirufo ya koma gefe. Makaɗa suka buga, mutanen zaure suka rera, babu wanda ya tsaya a gurbin. Su da kansu sun san ba kowa a wurin.

Ɗan Dallas: Ashe Baba ku ma kun sayi tikiti kun kalli masu riƙon suna.

Baban Atlanta: Ni ta'aziyya na je.