Wa ya taɓa shiga gayyar yankan kachalla?

Mai tambaya, daga Auyo: Assalamu alaikum. Matasan garinmu sun sa Asabar za mu fita gayyar yankan kachalla, doguwar ciyawar nan mai toshe ruwa, a hanyar ruwan da ke shiga fadamarmu. Ni ban taɓa shiga ba. Waɗanda suka taɓa yi, me zan tarar?

Daga Guri: Wa alaikumus salam. Ƙanena, a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta, ka riƙe wannan. Shekarar da muka fara, sama-sama muka sassabe ta kamar ciyawar gona, muka koma gida muna ta murna. Ba a rufa wata ba ta tofo, har ta fi da kauri. Wani dattijon masunci ya sha dariya, ya ce ai ta ganye take kai wa saiwarta iska. In ka datse ta ruwa ya rufe gindin, sai ta ruɓe. To ka ga sunkuyo za ka yi, ruwa har ƙirji, laujen ma ba ka ganinsa, lalube kawai. Kuma duk abin da kuka yanka ku ja shi tudu. Mu a ruwa muka bari, ya gangara ya toshe gaba, mutanen ƙauyen da ke ƙasanmu suka aiko mana da saƙon da ba zan maimaita a nan ba.

Daga Kirikasamma: Matsattsaku! Ka sa dogon wando, ka cusa ƙafarsa cikin safa, ka ƙulle gishiri a leda. Ni da gajeren wando na shiga don burga, guda huɗu na cire a ƙwauri. Wanda kuma ya ga jini a fitsari bayan 'yan makonni ko watanni, wataƙila tsargiya ce, ya tafi asibiti, kada ya tsaya kunya.

Wani dattijo, daga Haɗejiya: Ku yara kun taso kun gan ta, kun ɗauka haka Allah ya yi wurin. Muna samari kogin nan ƙafewa yake yi da rani, ba ta samun wurin zama. Da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa ya biyo a 1992, ruwa ya daina yankewa, yana tafe a hankali yana zubar da laka, ita kuwa abin da take so ke nan. A cikinta tsuntsun nan jan-baki ke kwana, da asuba ya sauka kan shinkafa. Ku yanka, Allah ya yi albarka, amma ku san baɗi ma za ku koma.

Wata uwa, daga Miga: Mu kunu da fura muke kai musu bakin ruwa. Ku dai ƙirga mutane kafin ranar; namu sun ce talatin, sittin suka fito.

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode Inna. Yaya na Guri, adda fa? Ita nake da ita.

Daga Guri: Adda ba ta sara a cikin ruwa. Ka ari lauje, ka wasa shi tun daren Juma'a.