Wane suna za mu ba prolactinoma da Hausa?

Likitan mata, Kaduna:
Abokan aiki, ina neman sunan da za mu riƙa faɗa wa majinyata. Da zarar an ce "ƙari a ƙwaƙwalwa", mace daga Rigasa ko Kawo ta ɗauka ciwon daji ne, ta koma gida tana kuka. Alhali ba daji ba ne, kuma ba cikin ƙwaƙwalwar yake ba. Yana tsirowa ne a fitutari, wata 'yar halitta kamar ƙwayar wake a gindin ƙwaƙwalwa, ya yi ta zuba sinadarin da ke kawo ruwan nono. Sai al'ada ta ɗauke, nono ya riƙa ɗiga ba goyo, haihuwa ta tsaya.

Ma'aikaciyar jinya:
Likita, "ciwon zubar nono" fa?

Likitan mata:
Zai bar maza a baya, Hajiya. Su ƙarfin mazakuta ke raguwa, kuma sukan zo a makare, bayan ƙarin ya haura milimita 10 ya danne jijiyar ido, ganin gefe da gefe ya tafi.

Mai gwajin jini:
Ku raba abu biyu. Hauhawar sinadarin nono a jini daban, ƙarin daban. Juna biyu na hawar da shi, haka raunin tayirod (wata halitta a gaban wuya mai fitar da sinadari), ciwon ƙoda, da magunguna irin su metoclopramide da haloperidol. Sai an cire waɗannan ake tura mutum hoton MRI, wato hoton na'ura mai nuna cikin kai. Kuma idan ƙari babba ne amma sakamako ya fito ƙasa, a sirka jinin kashi 1 cikin 100 a sake awo, domin yawan sinadarin kan rikita na'urar.

Mai harhaɗa magunguna:
Ina goyon bayan Malam. Ni dai buƙatata sunan kada ya sa mutum tunanin wuƙa, don yawanci ƙwayar magani ce ke rage girman ƙarin. Cabergoline ana farawa da miligiram 0.25 sau biyu a mako. Bromocriptine kuwa miligiram 1.25 da dare, tare da abinci, a ƙara a hankali. Wanda ya faro da yawa jiri da tashin zuciya za su sa ya watsar. Tiyata ta hanci sai magani ya gaza.

Likitan mata:
To mun tsaya a nan: sakamakon jini "hauhawar sinadarin nono", ciwon kuma "ƙarin gindin ƙwaƙwalwa mai sinadarin nono". A faɗa wa kowace mace cewa haihuwa na iya dawowa tun kafin ta ga al'ada, kuma da ta samu ciki ta dawo asibiti a duba batun maganin.