Ina son haɗa ɗakin wata tsohuwa da na ƙirƙira, a ba ni shawara

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni malama ce a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata, ƙauye ne wajen Birnin Kudu. Bana ni aka ɗora wa ranar al'adu, na ce wallahi ba za mu sake jera ƙwarya da faifai a kan benci kowa ya leƙa ya wuce ba. Akwai wani ɗakin ƙasa bayan ofis da ba a komai da shi, so nake in mai da shi ɗakin wata tsohuwa mai kaɗi da na ƙirƙira, Inna Tabawa, mutum ya sunkuya ya shiga ya ji kamar yanzun nan ta fita. Na so in yi mutum-mutuminta da kara da tsumma, shugabar makaranta ta ce ba da ita ba, iyaye za su yi magana. Sannan ita kanta Innar har yanzu suna ne kawai a kaina. Ya zan yi?

Ɗan Ringim: Malama shugabarku ta taimake ki ne. Da kin ajiye mutum-mutumi dariya yara za su yi, su ce ga dodon gona. Ki bar takalminta a bakin ƙofa, mazari da sauran auduga a kan tabarma, kunu rabin ƙoƙo da ludayi a ciki. Shikenan an san tana nan kusa.

Maman Husna: Ni dai ƙanwata ki fara zaunawa ki san ta tukuna. Aurenta nawa, wa ya mutu ya bar ta, da wa take gaba a gidan, me take ɓoyewa a ƙarƙashin gado? Kakata Allah ya ji ƙanta har ta rasu tana ajiye da hular ɗanta da ya tafi cirani bai dawo ba, kullum sai ta karkaɗe ta ta mayar cikin kwalla, mu muna yara haushi ma abin yake ba mu. Irin wannan abu guda ɗaya ki nema mata, ya fi kaya cike da ɗaki. Kuma kar ki sai sabon komai, ki bi gidajen ɗalibanki ki aro tsofaffin tasoshi da faifan da ya sha hannu, ki rubuta sunan mai kowanne don kar a yi rigima.

Baba Mai Rediyo: Ki tsai da shekara 'yata. In kafin 1973 ne kar ki sa mata naira a ƙullin zani, fam da sule ake kashewa, da kwabo mai huda. Roba da leda duk ki fitar. In kin shiga Kano ki leƙa Gidan Makama ki ga yadda suka jera ɗakin amarya, amma naki ya zama ɗakin da ake kwana ciki, da ɗan hargitsi.

Ɗan Ringim: Na manta, aci-balbal tana hayaƙi ga auduga a gefe, ki ajiye ta a kashe ki ɓoye ƙaramar tocila bayan randa. Mutum uku uku za su dinga shiga.

Malama: Na gode ƙwarai. Maman Husna zancen hular nan ya tsaya min a rai, in kin yarda zan ara wa Inna Tabawa, amma ɗan kwalin 'yarta zan sa.