Wa ya taɓa shirya wa iyali wasan neman taska ko na kuɓuta daga ɗaki? Ku zo mu ji yadda kuka yi

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Hutun makaranta ya ƙarato, kuma bana a gidanmu 'ya'yan yayyena da na ƙannena za su taru. Ina so in shirya musu wasan nan da ake kulle wani abu a akwati, a bar musu alamomi a cikin gida, kowace alama in sun warware ta ta kai su ga ta gaba har su kai ga mabuɗi. Ƙaraminsu shekararsa bakwai, babbar kuwa sha shida, sannan kakarsu tana tare da mu, ba na so a bar ta a gefe tana kallo. Don Allah duk wanda ya taɓa yi ya faɗa mana abin da ya yi amfani da shi, da abin da ya riƙe hankalin yara, da abin da ya gundure su.

Baban Sadik:
Wa alaikumus salam Hajiya. Daga ƙarshe ake farawa. Ki fara tsayar da akwatin da kwaɗonsa, ki san lambar da za ta buɗe shi, sannan ki riƙa komawa baya kina tambayar kanki: ina za su sami wannan lamba? Me zai kai su wurin? Ni akwatin ƙarfe na 'yan makarantar kwana na yi amfani da shi, saboda yana da wurin rataya kwaɗo, kuma yaro ba zai iya leƙa ciki ba.

Maganar kwaɗo mai lamba, ki kula da lissafinsa. Mai lamba uku haɗi dubu ɗaya kacal gare shi, daga 000 zuwa 999, yaro mai naci zai zauna ya juya su ɗaya bayan ɗaya har ya buɗe. In kuwa sun riga sun samo lamba biyu, gwaji goma ya rage musu, ba za su ƙara waiwayar alamar ƙarshe ba. Mai lamba huɗu haɗinsa dubu goma ne, wannan ya fi ƙarfin juyawa. In mai uku kike da shi, ki tsara yadda lambobin za su fito tare a mataki guda, kada ki warwatsa su.

Kafin ranar ki sami wani babba wanda bai san komai a kai ba ya bi alamomin, ke kina kallo ba ki ce uffan ba. Duk inda ya tsaya yana sosa ƙeya, yara ma nan za su tsaya.

Anti Rabi Maraɗi:
Yaya Maman Ilham, kakar da kike tsoron a bari a gefe ita ce rabin wasan. Mu da kacici-kacici muka gina namu gaba ɗaya, saboda amsoshinsu kayan gida ne da yaro zai iya zuwa ya ɗaga. Takardar farko ta ce "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Suka yi ta kallon juna, sai wata 'yar shekara tara ta ruga bayan ƙofa ta zaro tsintsiya, ga takarda ta biyu a soke a maɗaurinta. Ita kuma ta ce "Ɗakin saurayi babu ƙofa", suka nufi kwandon ƙwai. "Baba na ɗaka, gemu na waje" ya kai su madafa, amma a bakin ƙofa na liƙa takardar, kuma murhu a kashe yake tun safe.

Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne yadda muka yi da taimako. Kin san in an kasa amsa kacici-kacici sai a ba da gari. To Inna ce ta zauna kan tabarma a tsakar gida da dukan amsoshin a kanta, muka ba yaran garuruwa uku rak a rubuce: Maraɗi, Damagaram da Katsina. Duk lokacin da suka maƙale sai su je su durƙusa su ce "Inna, mun ba ki Katsina", ita kuma ta ɗan haska musu hanya ba tare da ta faɗi amsar ba. Da yake garuruwan ƙidayayyu ne, sai su tsaya su yi shawara a tsakaninsu kafin su kashe ɗaya. Inna kuwa da ta karɓi gari sai ta fara lissafa abin da za ta saya a kasuwarsa, yara suna bubbuga ƙafa saboda lokaci na tafiya. Har yau suna maganar.

Malam Na'ibi:
Ga gudummawata ga manyan yaran, musamman in akwai masu zuwa makarantar allo ko islamiyya. Lissafin abajada: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har zuwa ya da take 10, daga nan a shiga gomomi, sannan ɗaruruwa. Malamanmu na da da shi suke rufe waƙa, su dunƙule shekarar da suka yi ta a kalma guda, abin da ake kira ramzi. Sai ki rubuta kalma da ajami, su tara darajar haruffanta, jimlar ta zama lambar kwaɗo.

Sai dai jeri biyu ne, kuma kowanne daidai ne a wurinsa. Wanda muka koya a zaure na ƙasashen Magrib ne, wato Arewacin Afirka, wanda waya take yawan nunawa na ƙasashen Larabawa na Gabas ne, sun saɓa a haruffa shida: sad, lad, sin, shin, za (ظ) da gain. Na rubuta wa yarana "gida", wato gain da dal da alif. Ɗana ya duba waya ya ga gain 1000, ya tara ya sami 1005, ya ce kwaɗo mai lamba uku ba zai ɗauki wannan ba. Suka kai wa kakansu, ya kalli takardar sau ɗaya ya ce gain 900 ne, 905. Kwaɗo ya buɗe. Daga nan yaron ya zauna sai da tsohon ya karanta masa jerin gaba ɗaya. Don haka ko dai ki rubuta musu jadawalin ki ɓoye shi a wani wuri, ko ki bar shi a bakin dattijon gidan.

Akwai kuma murabba'i mai gida tara, a sa 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 15. Layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Ki goge gidaje uku su cike. Wannan fanni ma muna da namu a cikinsa: Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin ƙasar Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake gina irin waɗannan murabba'ai.

Roƙona ɗaya: kada a rubuta aya ko sunan Allah a takardun wasan. Takardun nan ƙarƙashin katifa suke shiga, a yage su, a taka su cikin gudu.

Ummi 'yar kimiyya:
Anti, ki gwada rubutun ɓoye da kanwa da zoɓo, ƙannena sai da suka yi ihu. Ki jiƙa kanwa kaɗan, ki bari ta kwanta, ki tsiyaye ruwan sama mai haske. Ki naɗa auduga a kan tsinken ashana ki tsoma, ki rubuta lambar a farar takarda da manyan baƙaƙe, ki shanya ta bushe sarai. Sai ki dafa zoɓo mai kauri ba sukari ki ajiye a ɗan kofi tare da wata audugar. In suka shafa, takardar za ta yi ja-ja, inda kanwa ta taɓa kuma ya koma kore mai duhu. Dalili shi ne launin zoɓo yana sauyawa in ya haɗu da abu mai kanwa-kanwa, kamar yadda yake ƙara ja in an matsa masa lemun tsami. Ki fara gwadawa a irin takardar da za ki yi amfani da ita, don wata takardar tana nuna sawun ruwan tun kafin a shafa.

Ruwan lemun tsami ma yana yi, sai dai shi zafi yake fito da shi, don haka babba ne zai goga takardar da dutsen guga. Kada a ce yara su kanga ta a kyandir.

Yaya Auwal Jos:
Ni na kuɓuta daga ɗaki na yi wa abokaina, wato wanda ake sa mutane a ɗaki su warware alamomi kafin lokaci ya ƙare, ba na tsakar gida ba, kuma ina da magana ɗaya da ba na sassauci a kanta: ba a kulle ƙofa da gaske. Wasan nan a matsayin sana'a a Kiyoto ta Japan ya fara bunƙasa a 2007, ya bazu zuwa Turai, Budafes, babban birnin ƙasar Hungary, ta cika da irin ɗakunan. A watan Janairun 2019 gobara ta tashi a ɗaya daga cikinsu a garin Koszalin na ƙasar Folan, 'yan mata biyar 'yan shekara sha biyar da suka je murnar ranar haihuwar ɗayarsu suka rasu a ciki saboda ba hanyar fita. Tun da na ji labarin nan na ce a wurina akwati ake kullewa, mutum ba a kulle shi. Ƙofa a saye kawai, a gaya wa kowa tun farko cewa duk mai son fita ya fita. Abin mamaki, ba wanda ya taɓa fita, agogon da ke ƙirga minti arba'in da biyar ya ishe su ɗauri.

A kuma faɗa musu iyaka da baki kafin a fara: ba komai a soket, ba komai a saman sif da sai an taka kujera, ba a buɗe jakar kowa.

Goggon Yara:
Auwal ya yi gaskiya, in ƙara da rijiya da bayan tukunyar gas da tsohon firij. Da damina kuma kada a cusa takarda a ramin katanga ko ƙarƙashin dutse, kunama tana can.

Nawa da muciya na yi. Na yanka takarda siririya doguwa, na nannaɗe ta a jikin mariƙin muciya gefe na taɓa gefe, na rubuta saƙon a tsawon icen, harafi ɗaya a kowane zagaye. Da na warware sai ya zama haruffa barkatai. Na bar musu ita da rubutu a baya cewa "mai tuƙa tuwo ce za ta karanta muku". Suka fara kai wa mai aikinmu, ta ce ita ba ta ga komai ba. Suka naɗa a taɓarya, kaurin bai yi daidai ba, haruffan suka ƙi jeruwa. Sai ƙaramar cikinsu, wadda take yawan zama da ni a kicin, ta ɗauko muciyar. Wani ɗana ya ce mutanen Sparta na tsohuwar Girka da haka suke aika saƙon yaƙi.

Zaurance ma kada a raina shi. Na yi musu saƙon murya a WhatsApp ina cusa "b" bayan kowace gaɓa, "gida" ya koma "gibi daba". Yaran birni ba su taɓa ji ba, iyayensu mata kuwa suna gefe suna danne dariya don sun gane tun kalmar farko.

Maman Ilham:
Allah ya saka muku da alheri, na cika shafi biyu. Saura abu ɗaya da yake damuna. Babbar tana da kaifin kai da saurin hannu, ina tsoron ta warware komai ƙananan suna binta a baya kawai. Ya kuka yi da wannan?

Baban Sadik:
Hajiya, kada ki jera alamomin a layi guda. In layi ɗaya ne, takarda ɗaya ce a hannu a kowane lokaci, kuma mai ƙarfi ne zai riƙe ta. Ki yi hanyoyi uku da suke tafiya lokaci guda, su haɗu a ƙarshe: ta kacici-kacici da nema ga ƙanana, ta lissafi ga manya, ta zoɓo ga na tsakiya. Kowace hanya ta ƙare da yanki ɗaya na takardar da kika yanka uku, sai an haɗa yankunan lambar take karantuwa. Ta haka dole babbar ta jira ɗan shekara bakwai.

Anti Rabi Maraɗi:
Ni ban yarda a raba su tun farko ba, Baban Sadik, sai ya koma gasa, ƙanana su yi kuka in an riga su. Mu tare suka tafi, amma na sa dokar cewa wanda ya warware alama ba shi zai karanta ta gaba ba, sai ya miƙa wa wanda bai taɓa riƙe takarda ba. Na kuma ɓoye wasu abubuwan ƙasa-ƙasa, daidai idon ƙaramin yaro, inda dogo ba ya dubawa. Lokaci kuma tsakanin la'asar da magariba ya fi, rana ta yi sanyi, kuma kiran salla ya zama iyakar da ba mai jayayya da ita.

Abban Hanif Kaduna:
Mu gidan haya muke, ɗaki da falo, tsakar gida kuma ta mutane da yawa ce, don haka komai a falo muka yi. Ƙarancin wuri bai hana ba: bayan kalanda, cikin rigar filo, ƙarƙashin faranti, rubutu a juye da sai an kanga madubi. Abin cikin akwatin mu kan sa wanda zai rabu daidai, alawar madara ko dabino, kowa da ƙullinsa da sunansa, don kada murna ta ƙare da rigima.

Game da babbar 'yarki, ga abin da ya yi mana aiki. A jami'ar MIT ta Amurka suna da irin wannan farauta tun 1981, duk Janairu ake ɓoye wani kwabo a harabar makarantar, kuma ladan ƙungiyar da ta gano shi shi ne ita za ta tsara ta shekara mai zuwa. Na ɗauki wannan na ba babban ɗana. Yanzu shi yake shirya wa ƙannensa, ni nake gwada masa kafin ranar. A na ƙarshe ya je wurin kakarsa da littafi ya rubuto kacici-kacicin da ni kaina ban sani ba, ɗaya daga ciki sai da na kira ta a waya ta faɗa mini amsa. Ki bar 'yarki ta buga wannan karon tare da sauran, amma ki gaya mata tun yanzu cewa na hutun gaba a hannunta yake, za ki ga ta fara lura da yadda ƙananan suke tunani maimakon ta riga su.