Bidiyon gyaran agogo tun lokacin kulle: in sayi kayan aiki ko in haƙura?

Sadiq: Assalamu alaikum. Tun kullen korona na 2020 na kamu da kallon dogayen bidiyon gyaran agogon hannu a YouTube, masu awa guda zuwa biyu, kuma har yau abin bai sake ni ba. Data na tafiya, barci na tafiya. Yanzu ko dai in sayi kayan aiki in sa hannu, ko in daina kallon baki ɗaya. Ban taɓa buɗe agogo ba, kuma agogon da ake wanawa da hannu guda ɗaya gare ni, na gado ne. Da wane inji ake fara koyo, me kuma ya zama dole a fara saya?

Nura: Wa alaikumus salam. Rage ingancin hoton zuwa 480p. Awa ɗaya a nan wajen megabait 500 ne, a 1080p kuwa yana haura gigabait 2. Ai a Maris ɗin 2020 ita kanta YouTube ta mayar da kowa kan matsakaicin hoto na wata guda saboda cunkoso. Sannan ka kashe maɓallin da ke kunna bidiyo na gaba da kansa, shi ne ke kai mutum asuba.

Jamilu: Malam Nura, lissafin nan ya yi yawa. Bidiyon agogo kyamara a tsaye take, hoton ba ya motsi sosai, don haka bai kai cin 500 ba. Kuma a 480p ba za ka ga ɗigon mai a kan ƙananan duwatsun da ƙafafun tayoyin injin agogo ke juyawa a ciki ba, alhali nan darasin yake.

Malama Rabi: Sadiq, kada ka kusanci na gadon nan. Nemi injin koyo, wato Seagull ST36, kwafin injin agogo ne mai suna ETA 6497, faɗinsa wajen milimita 36, da hannu ake wana shi, ba kwanan wata, sassansa manya. Kayan farko: gilashin ido mai ƙara girma sau 4, sukurudireba daga milimita 0.6 zuwa 1.4, hantsaki biyu da maganaɗisu ba ya kamawa, mariƙin inji, abin hura iska, da faranti mai murfi. Mai sai daga baya. Ka kwance ka mayar har sai agogon ya tashi a kowane karo, kana ɗaukar hoto a kowane mataki, sukurorin kowane sashe a wurinsu daban, domin kama suke yi amma tsawonsu ba ɗaya ba.

Baba Tanko: Duk wannan magana ce. Ku tambayi masu gyara abin da ake kawo musu tun bayan kulle. Wani yaro ya kalli bidiyo ya buɗe agogon marigayi mahaifinsa, bai sauke ƙarfin babban sifirin da ke tura tayoyin agogo ba, ya cire ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da ke riƙe tayar ƙarshe. Tayoyin suka kwasa da gudu lokaci guda, haƙora suka kakkarye, ƙafar taya ɗaya ta tsinke. Da ya ga haka sai ya kai hantsaki kan siririn sifirin nan mai kama da gashi, ya lanƙwasa shi, ya bi ya tsiyaya man keken ɗinki a ko'ina. A leda aka kawo agogon. Injin tsoho ne, an daina ƙera sassansa, uwar yaron tana kuka tana cewa ko bai yi aiki ba a haɗa mata shi ta ajiye. Mai bidiyon ya sauke sifirin, amma daƙiƙa biyar ya nuna, wa zai lura? Aikin yini biyu ake yankewa ya koma awa ɗaya, sukurun da ya yi tsalle ya ɓace ba a nuna shi.

Malama Rabi: Allah ya jiƙan mahaifinsa. Baba, ai shi ya sa na ce injin koyo. Saukewar ba wuya: ka riƙe kan da ake wana agogon da shi, ka ɗan murɗa gaba, ka ture ɗan harshen da ke tare tayar babban sifirin da tsinken katako, ka bar kan yana sulalewa a hankali tsakanin yatsunka har ƙarfin ya ƙare. Bayan nan sai ka cire tayar kai-komo, wato mai ɗauke da siririn sifirin, sannan ɗan ƙarfen mai yatsu biyu.

Baba Tanko: 'Yata, a gaban wa kika koya? Wanda bai zauna gaban maigida ba bai kamata ya ba da shawara a kan agogon mutane ba.

Jamilu: Baba, da girmanka, abin da ta faɗa akwai kuskure? Ba kowa ke da maigida kusa ba.

Nura: Kayan arha ma sun isa, saiti guda ne har da akwati.

Baba Tanko: Bakin sukurudireban arha laushi gare shi, yana zamewa ya karce inji. Guda uku na kirki sun fi saitin tsada, sun kuma fi shi amfani. Man agogo na Moebius 9010 kaɗai, kwalbar mililita 2, na iya fin injin koyon kuɗi.

Auwal: Sadiq, ka fara da agogon bango mai batir, shi ko ya tsaya cak, sau biyu a rana yana faɗin gaskiya.

Hauwa: Ni abin da ke ci mini rai bidiyon ƙarya ne. Su binne agogo a laka, su shafa masa abin da ke jawo tsatsa, su ce tsinto shi suka yi. Ku duba da kyau: tsatsar launi ɗaya ko'ina, sukurori na kwancewa ba gardama, ƙarfen ƙarƙashi sumul ba rami. Tsatsar gaske cin ƙarfe take yi. Kuma ba sa ɗora agogon a na'urar awo a ga yadda yake bugawa.

Jamilu: Kina danna guda ɗaya, shafin farko ya cika da su. Ki share shi daga tarihin kallo, ki danna kada a ƙara kawo miki tashar.

Hauwa: Ana yin hakan, sai su dawo da wani suna. Ga talla ana tsakiyar ɗora sifirin.

Sadiq: Na gode ƙwarai. Amma gilashin, mai sau 4 ɗin ya isa ko sai na haɗa da mai sau 10?

Nura: Tallar ma data take ci, kuma ba a lissafa ta.